Dalolin Don Hipólito Masu Zakara

"Ka tashi lafiya, Tsoho? Ko kwana ka yi kana gadin aljihu?"

"Lafiya lau, 'yar nema. Ke zan tambaya, tunda minsharinki har bango yake ratsawa."

Da haka Maritza da kakanta suka buɗe safiyarmu ta uku a Cartagena, wani birni na bakin teku. Ni ce 'yarsa, ni ce kuma uwarta, don haka ba ni da gefen tsayawa, kofina kawai na ja gabana. Babana, wanda ake kira Don Hipólito don girmamawa, shekara arba'in da ɗaya ya yi a bakin titi a Lima, da koren falmaran da kalkuleta, yana canjin dala da sol, kuɗin ƙasarmu. Dalar baƙi ba irin wadda ba ta bi ta hannunsa ba, amma shi bai taɓa taka ƙasar wani ba sai wannan karon. Maritza ce ta kawo mu. Jirgi, otal, abinci, duk da kati take biya, ta ɗora shi kan na'ura ya yi ƙit. Wannan ƙit ɗin yana cin ran tsohon, na sani. Tun daga gida ya rantse abu ɗaya shi zai biya da guminsa, wato kwale-kwalen da zai kai mu tsibiri. Mai kwale-kwalen ya ce mu uku dubu ɗari shida ne na peso, kuɗin ƙasar, har da kifin da za mu ci, tsaba a hannu, kuma ƙarfe goma zai tashi.

Tara da kwata muka raka shi shagon canji. Ya ce mu tsaya a waje, wai aikin manya ne. Ya shiga yana taku ɗai-ɗai. Bai yi minti uku ba ya fito, ya faɗa shago na gaba. Daga na ukun ya fito hularsa ta karkace.

"Ina peson, Sarkin Canji?" in ji Maritza.

"Mutanen nan ba su san kuɗi ba."

"Duk su ukun?"

"Na farkon yaro ne, ko gemu bai tsiro ba. Na biyun makaho. Ta ukun kuwa na ga alama da mijinta ta yi faɗa."

"Kawo mu gani."

Ya noƙe, ta fizge. Takardu huɗu ne na dala hamsin-hamsin, sababbi ƙal. A kusurwar kowacce akwai ɗan zakara da shuɗiyar tawada, ya miƙe wuya. Ta juya bayansu, nan ma ga shi. Maritza ta dafa bango saboda dariya.

"Mama, zo ki gani! Ya buga musu hatimi! Gaba da baya!"

"To da me zan yi? In fito da kuɗi tsirara?"

A wurinmu wannan ba abin dariya ba ne. Kowane ɗan canji a Lima da hatiminsa, yana buga wa duk takardar da ya ba ka, in ta zama jabu ka dawo masa da ita. Zakaran Baba kuwa har masu kanti in sun gan shi ba sa ɗaga takarda sama su duba. Amma nan ba Lima ba ce, kuma 'yan canjin nan sun ce ba sa karɓar dalar da aka ɓata da tawada.

"Ɓatawa!" in ji shi. "Wannan zakaran ya fi sa hannun gwamnan bankinsu daraja."

"A layinku ba. Nan ko kaza ba ta san shi ba."

"Ke me kika sani? Mai biyan kuɗi da robar da ba ta ƙamshi, ba ta ƙara. Ni ido rufe nake gane jabu. Na taɓa gane ta daga tsallaken titi, a cikin aljihun mutum, yana cikin mota."

"Motar ma tana gudu, ko?"

"Tana gudu."

"Ka iya gane jabu daga tsallaken titi, amma ba ka iya gane baƙo a madubi ba. Kai fa yanzu ɗan yawon buɗe ido ne, Tsoho. Dubi wandonka, ga guiwa a waje kamar busasshen rogo."

"Ke kika sayo shi, ja'ira!"

"Da kati. Kuma an karɓa."

"Da ba don zakaran nan ba, da wa ya biya miki makaranta har kika san kati?"

"Ai na ji labari. An ce ranar da aka haifi Mama, a goshi ka buga mata shi don kar a canza maka ita a asibiti."

Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma na faɗa mata. A tafin ƙafa ne.

Muka gangara bakin ruwa suna ta yi. Ya ce kuɗin ƙasar nan sifili ne kawai aka jera, mutum ya sayi ruwan kwakwa da dubbai ya ɗauka shi attajiri ne. Ta ce aƙalla sifilin nasu yana sayen kwakwa. Ya ce zai goge zakarun da lemun tsami. Ta ce ya goge har da fuskar bature, ya ga wanda zai fara kama shi. Kafin mu isa, goma saura ashirin, mutane sun fara hawa kwale-kwalen.

Maritza ta buɗe jakarta. Jiya ta ciro peso a banki.

"Shi ke nan, bari in biya. Ka ajiye kajinka, in mun koma gida ka yi kiwo."

Bai mayar mata ba, kuma wannan ne ya tsorata ni, don Baba ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Nélida, in ta biya wannan ma, to akwati kuka ɗauko, ba mutum ba. Ku je. Zan jira ku a nan."

Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na yi dariya ɗazu. Mutumin nan ya ciyar da gida guda yana tsaye a rana, yau takarda huɗu sun mai da shi kaya. Maritza ma ta ji abin da ya ce. Sai ta rataya jakar a wuya ta gaba kamar 'yan canjin Lima, ta ware ƙafafu, ta fito da waya tana kaɗa ta a iska kamar kalkuleta.

"Canji! Canji! Dala, sol, zakara, agwagwa! Malam baƙo, kana da dala?"

Ya kalle ta sheƙeƙe.

"Nawa kike saye?"

"Saboda furfurarka, duk dala dubu huɗu da ɗari biyar."

"Dubu nawa?" Ya ɗaga murya har mai sayar da mangwaro ta waiwayo. "A allon shagon can dubu huɗu aka rubuta! Sadaka za ki ba ni? Na yi miki kama da mai bara?"

"Alheri na yi maka."

"Ɗan canji mai alheri kwana uku yake yi a titi! Wa ya koya miki sana'a? Baƙo a gabanki, jirginsa zai tashi, ba shi da wani wurin zuwa, kuɗinsa da tabo, ki ƙara masa? Nélida, a ina kika samo wannan? Kin tabbata ba ita aka canza a asibiti ba?"

"To, dubu huɗu."

"Ribarki fa?"

"Dubu uku da ɗari tara."

"Ko duba takardar ba ki yi ba! Ɗaga ta sama. Murza ta. Ɓata fuska. Ki ja tsaki tukuna kafin ki buɗe baki."

Ta ɗaga takardar, ta murza, ta ja wani dogon tsaki irin nasa sak.

"Kai, Malam, wannan ai ta lalace. Wane mahaukaci ne ya zana mata tsuntsu?"

"Wani babban mutum ne a Lima."

"Ban san shi ba. Dubu uku da ɗari biyar."

"Ke! Uku da ɗari takwas."

"Af, ashe har baya akwai. Tsuntsu biyu ke nan. Uku da ɗari biyu."

"Maritza, ni ne fa kakanki."

"Ba ni da kaka a bakin aiki. Ga shi kuma da gani sauri kake yi. Dubu uku."

"Wannan fashi ne!"

"Gwada shagon gaba, Malam. Na ji an ce matar can tana da kirki."

Mai kwale-kwale ya busa usur. Baba ya dubi ruwa, ya dubi jikarsa, na ga leɓensa yana motsi yana lissafi. A dubu uku, sai ya ba da takardun duka huɗu kafin ya samu kuɗin kwale-kwalen cif-cif, ko na ruwan sha ba zai rage ba. Da farashin allo, da uku sun isa.

Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabon da in ji tun kafin ya ajiye falmaran, har ya cire hula yana share ido da ita.

"Dala hamsin! Dala hamsin ta cinye min ido na ganin ido! Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa yi wa baƙo irin wannan yankan ba. Nélida, na janye maganata. Jinina ce."

"Barka da zuwa ƙasar waje, Malam baƙo," in ji Maritza, tana zube masa peso a tafi.

Ya gyara hula, ya ratsa layi ya wuce mu, guiwoyin nan a waje. Mai kwale-kwale ya miƙo hannu wajen Maritza, don ita ya saba gani da jaka. Baba ya tare hannun.

"Nan za ka kallo, samari. Mutum uku. Ni ne mai biya."

Ya lashi yatsa, ya shiga ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda duk wanda ke layin zai gani.