Walƙiyar Badaru

"Lafiya lau, ya hanya? Af, ban ga ɗan jagora ba. Makaho, wa ya jawo ka har Gaya?"

Haka Badaru mai hoto ya amsa gaisuwar taubashinsa Maiwada, tun bawan Allah bai jingine keke ba. Shekara bakwai Maiwada yana kokawa a Kademi ba wanda ya kai shi ƙasa, sai a wasan kakar bana. Abin haushin, shi da bakinsa ya gayyato Badaru ya ɗauke shi yana ka da gwanin Toranke. Dare ya yi, fili sai aci-balbal, an sarƙe ana nishi, sai fitilar kyamara ta yi wal! Maiwada ya ga taurari, kafin ya farga yana kallon sama. Tun ranar makaɗinsa bai sake yi masa take ba. Ga shi gobe kasuwa, kuma an ce Badaru zai rataye hoton a ƙofar shago.

"Ba ni hoton nan in yaga, da dodon fim ɗinsa duka. Maƙetaci, mai walƙiya ba hadari!"

"Kai ka ce in zo."

"Na ce ka ɗauke ni, ban ce ka ɗauke mini ido ba!"

"In gwani ya faɗi ba ya rasa hanzari. Shi mutumin Toranke a aljihu ya ajiye nasa idon?"

"Ai baya ya ba ka! Kai da ko ɗan akuya ba ka taɓa kayarwa ba, ka je Kano ka koyi shiga baƙin zanen kyamara kamar mai takaba."

"Yi a hankali, bawa. Ɗan mace kake, ni ɗan namiji. Ubana da uwarka ciki ɗaya, ko kekenka nawa ne."

"Bawan wa? Ni na goya ka, ka tsula mini fitsari a baya."

"Shi ya sa bayan ya yi albarka shekara bakwai. Da ya bushe ka ga abin da ya faru."

Wallahi Maiwada ya so ya yi dariya, amma zuciyarsa ta ƙi. Ya kwanto zabuwar da ya ɗauro a bayan keke, ya miƙa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Karɓi. Yara sun fara yi mini waƙa a bakin rijiya, Badaru. Kada ka ƙara mini."

Badaru ya shiga ciki ya fito da hoton, ya riƙe shi nesa da hannun Maiwada.

"Kafin ka yaga, buɗe ragowar idonka. Ga ka nan, baki wage kamar tulu. Bar kallon kanka, mummuna, dubi ƙasa. Mene ne wannan?"

Maiwada ya ƙura ido. Ga shi a tsaye kan ƙafafunsa biyu, ga gwiwar mutumin Toranke dumu-dumu a cikin rairayi. Kowa kuwa ya san wanda gwiwarsa ta fara taɓa ƙasa shi aka kayar. Duhu ne ya rufe idon alƙali da na 'yan kallo.

"La ilaha illallahu! Ashe ni na..."

"Bari in yaga maka, kada ka wahala."

"Kai, tsaya! Hannunka ya karye!"

"Wa ye maƙetaci?"

"Mutumin Toranke."

"Wa ye bawa?"

Maiwada ya fashe da dariya har da hawaye, ya danƙa masa zabuwar.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Rataye shi, amma ƙasa-ƙasa, don mutanen Toranke gajeru ne."