Nomau Tsakanin Adda da Gatari

Gidan da aka kawo ni aure gidan masu zuma ne, a Unguwar Kirya, can gefen daji. Mu biyar ne a ciki: Baba, Iya, maigidana wanda suke kira Auta, da ni, sai yayansa Nomau. Nomau ya fi kowa ƙarfi a gidan, a kafaɗa ɗaya yake saɓa buhun dawa, amma abin da ke cikin kansa ba zai cika ludayi ba. Ba ya musu, ba ya ƙyuya. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ka faɗa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka, ba ragi ba ƙari. Ni ban cika magana ba, balle da yayan miji, amma daga bakin murhu ana ganin komai.

Arzikin gidan nan duk yana rataye a daji, cikin amyar da Baba ya ɗaura a kan bishiyoyi ƙudan zuma suka shiga. Duk shekara bayan girbi mazan unguwa kan tafi ɗibar zuma su kwana can, kuma al'adarsu kowa ƙarfe ɗaya yake ɗauka, ko adda ko gatari, saboda ga gora, ga tulu, ga guzuri. A kan wannan ƙarfen unguwa ta rabu biyu. 'Yan gatari na cewa adda kayan mata ce, ta saran ciyawar akuya. 'Yan adda na cewa mai gatari ba shi da amfani sai ya ci karo da kututture. Baba ɗan gatari ne, maigidana ɗan adda. Nomau kuwa ba a taɓa yarda ya bi su ba.

Bana sai Baba ya kira su biyun ya ce, "Wannan ne zuwana na ƙarshe, gwiwa ta ƙi. Amyata ta ɗan fari ce, haka ni ma na gada. Amma Nomau, in ba ka zaɓi ƙarfenka ka nuna ka iya zaman daji ba, Auta zan ba, kai kuma ka zauna gida kana ja wa mata ruwa." Nomau ya ce, "To, Baba." Maigidana ya sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransa.

Wata rana Baba ya tura shi maƙera wurin Cindo maƙeri, ya ce, "Kada ka karɓi ƙarfe sai ka gwada shi a jikin ice." Nomau ya je ya gaishe da Cindo, aka miƙo masa adda da gatari, Cindo ya juya yana zuga wuta. Nomau ya duba dama ya duba hagu, icen da ya gani kawai shi ne ginshiƙan rumfar maƙerar. Ya gwada adda a na dama, ya gwada gatari a na hagu. Rumfa ta sauko a kan Cindo da zugazugansa. Da aka jawo shi daga ƙarƙashin zana, toka har cikin kunne, sai Nomau ya durƙusa ya ce, "Baba Cindo, duka biyun suna ci. Wanne ka ga ya fi?" Cindo ya biyo shi da awartaki har ƙofar gidanmu yana kiran Baba da sunansa, yana cewa, "Shekarau, ka ɗaure wannan abin da ka haifa!" Haka ya dawo ba adda ba gatari, sai dai ya koya da na gida.

Wata rana maigidana zai tafi kasuwa, ya ga dama ta samu da zai jawo yayansa cikin 'yan adda ko don ya ba Baba haushi. Ya miƙa masa addarsa, wadda ko ni ba na taɓawa, ya ce, "Yaya, adda kaifi ce. Riƙe, ka yi ta wasa ta a dutse, kada ka daina sai na dawo." A kasuwa kuwa sai ya tarar an yi wa abokinsa rasuwa, ya wuce can ta'aziyya ya kwana. Nomau na zaune gindin rumbu, ƙarar dutse na tashi tun hantsi. Iya, da yake ɗan farinta ne ba ta kiran sunansa, ta ce, "Kai wannan, ai ta yi haka nan." Ya ce, "Iya, Auta bai dawo ba." Ko tuwo da hannu ɗaya ya ci. Da maigidana ya shigo washegari, addar ta koma siririya kamar ganyen rake, dutsen kuma ya yi rami. Nomau ya ɗago ya ce, "Ka dawo? In daina?" Maigidana ya juya ya shige ɗaki. Iya ta ɗauki abin da ya rage ta juya shi, ta ce, "Amarya, zo ki karɓa, kin samu wuƙar yanka kuɓewa."

Wata rana Baba ya ce tun da Nomau ya ga bayan adda, a gwada shi da gatari. Gatarin Baba ya kwana biyu a rataye, ƙotar ta bushe, ƙarfen na rawa a cikinta. Baba ya ce, "Sa shi cikin ruwa, ka bar shi sai ƙotar ta kumbura ta kama." Ya fita. Da azahar sai ga shi da baƙo, Malam Jatau, shugaban masu ɗibar zuma, mutum mai dogon gemu da dogon baki. Aka ce in kawo ruwa. Na buɗe randar sha na tura moɗa, na ji ta bugi ƙarfe. Nomau na tsugune a gefe yana gadi, ya ɗaga mini yatsa ya ce, "A hankali, Amarya, kada ki motsa shi." Kunya ta hana ni cewa komai, ga Baba na kira daga zaure, na ɗiba na kai. Malam Jatau ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Shekarau, rijiyarku a maƙera aka haƙa ta?" Da gaskiya ta fito ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Wannan za ka kai mana daji? Ai ƙudan zuma ma sai sun yi ƙaura."

Wata rana, da tafiya ta matso, Malam Jatau ya tara masu zuwa yana yi musu bayani a gindin kuka. Ya dubi Nomau ya ce, "Kai kuma, tun da kanka ba ya riƙe hanya, duk inda ka bi ka sari kowane ice ka bar alama, don ka gane hanyar gida." Nomau ya ce, "To." Ya tashi da gatarin Baba, wanda ƙotarsa ta kama tsam, ya nufo gida, tafiyar da ko makaho ba ya ɓata. Ya sari darbejiyar masallaci. Ya sari mangwaron mai unguwa. Zogalen Gwaggo Tabawa bai jure ba, ya kwanta. Gwandar Malam Jatau kansa, mai 'ya'ya har sun fara ja, sara ɗaya ta faɗi a kan dangarsa. Kafin ya iso, rabin unguwa na bayansa suna zagi. Ya shigo yana murna ya ce, "Baba, ban ɓata ba!" Baba ya fizge gatarin ya ce, "Kada in ƙara ganin hannunka a kan gatari, har in mutu."

Shi ke nan zaɓi ya yi kansa. Ƙarfen da ya rage a gidan shi ne tsohuwar addar Iya, wadda take saran ciyawar awaki da ita. Nomau ya wasa ta, Iya na tsaye a kansa har ta ce ya isa. Ranar tafiya ya rataya ta a kafaɗa ya fito, mazan unguwa suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Nomau, ka manta zanen Iya!" Wani ya ce, "A ba shi akuya ɗaya ya tafi da ita, kada ya yi kewa." Baba bai ɗaga kai ba.

Abin da ya faru a daji maigidana ne ya ba ni labari, kuma shi ba mai son yabon yayansa ba ne, don haka na yarda. Sun sauka da safe a gindin wasu bishiyoyin kirya, inda amyar Baba take. Ciyawa ta bushe, ta kai ƙirji. Tun a nan Malam Jatau ya ce, "Nomau, miƙo mini gatarin can." Nomau ya juya ya ce, "Baba, rufe idonka." Aka sake kwashewa da dariya, Baba ya ce da ƙasa ta tsage da ya shige. Malam Jatau ya share hawaye ya ce, "Ba za ka bi mu ba, kada ka sare mana bishiya da mutum a kai. Ga aikin da ya dace da addar mata. Ka sare ciyawar nan ka kwashe ka zuba a kwari, mu samu wurin shimfiɗa. Kada ka daina sai mun dawo." Maigidana ya ce da ya ji kalmar nan ya tuna addarsa, amma ya ƙyale, don ba addarsa ba ce wannan karon.

Suka nausa ciki wurin amyar Malam Jatau, da niyyar su fara da tasa su dawo kafin azahar. Zuma ta yi yawa, suka zarce har bayan la'asar. Malam Jatau na sama yana kora ƙudan zuma da hayaƙin damin ciyawa, sai guda ta harbe shi a fatar ido, ya saki damin da wutarsa. Ga iska, ga busasshiyar ciyawa. Kafin ya sauko wuta ta fi tsayin mutum. 'Yan gatari suka tsaya da gatura a hannu, ba abin da za su sara. 'Yan adda suka fara sara, wuta ta fi su sauri. Aka watsar da tulu aka ruga, maigidana ya goya Baba saboda gwiwa, hayaƙi ya rufe ko'ina, ba wanda ya san inda za a tsira.

Sai kawai suka faɗo wani fili fetal, ƙasa tas kamar masussuka, faɗinsa ya fi kasuwar ƙauyenmu. Wurin shimfiɗar mutum goma aka nema, Nomau ya share na gari guda. Tun safe bai zauna ba. Wuta ta zo bakin filin ta rasa abin ci, ta rabu biyu ta wuce ta gefe, ta bar su kwance a tsakiya suna tari, da kayansu, da bishiyoyin Baba da amyarsa ko ɗaya ba ta taɓu ba. Ta Malam Jatau kuwa ta zama toka, haka ma rabin gemunsa. Can a gefe Nomau na sunkuye yana sara, tafin hannunsa duk ya fashe. Ya ɗago ya ƙirga su da ido, ya ce, "Malam, kun dawo? In daina?"

Maigidana ya ce ba wanda ya yi dariya. Malam Jatau, ido ɗaya a kumbure, ya ce da ƙaramar murya, "Daina, Nomau."

Da suka dawo gida Baba ya zauna a tsakar gida, ƙafa a miƙe, ya ce, "Amya ta Nomau ce." Maigidana ya buɗe baki, Baba ya ce, "Kai ka goya ni, Allah ya yi maka albarka. Amma ina za ka kai ni da ba a share ba?"

Yanzu in ka je maƙerar Cindo, adda ake ta bugawa. Mutanen da suka ce a ba Nomau akuya su ne a gaban layi, kowa na cewa shi dama tun can ya san adda ta fi a dajin ciyawa. Malam Jatau ma, da guntun gemunsa, yana gaya wa baƙi cewa dabararsa ce, da gangan ya sa a share filin.

Nomau bai san ana yi ba. Jiya Iya ta miƙa masa addar ta ce, "Kai wannan, sare mini ciyawar bayan rumbu." Har ya juya, sai muka haɗa ido da ita, ta dubi shukar yakuwata, ta dubi gonar maƙwabta, ta ɗaga murya ta ce, "In ka kai bakin danga ka daina!"