Rasuwar 'Yar Ƙwarmato, Mai Gadin Numfashin Yarana

"Umma, tunda Baba Nu'uman ne ya kashe ta, yaushe za a kai shi gaban alƙali?" Abin da 'yata Barakatu ta tambaye ni ke nan a gaban surukata, ana cin tuwo. 

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai sauka ba tukuna, ni Amatullahi, matar Abbas, a nan Daura, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urar da yara ke kira 'Yar Ƙwarmato. Ta rasu ranar Asabar bayan la'asar. Jinyarta ba ta wuce bugun taɓarya ɗaya ba.

An haifi marigayiya a kan teburin ɗakina, don binciken digirina na biyu kan yadda inji zai gane matsala ya tsayar da kansa kafin a yi asara. Da goyo a bayana na haɗa ta, ina ƙona yatsu da dalma. Aikinta shi ne shinshina iska. Idan ta ji gubar hayaƙin janareto, wadda hanci ba ya ji, sai ta yi wiii-wiii, ta kashe injin. Ba ta taɓa ƙarya ba. Malamina ya sha aika mata umarnin bogi ta waya don ya gwada ta, ta ƙi bi. Ashe na kare ta daga ɓarayin intanet, na manta da ƙanen miji.

Ranar ina maƙwabta wajen barka, ruwa ya sauko. Nu'uman, ƙanen mijina, da abokansa suna kallon ƙwallo, suka jawo janareto cikin zaure, suka rufe ƙofa wai kada ya jiƙe. Tagar ɗakin da jaririna Ikrima ke barci a zauren take buɗewa. Marigayiya ta yi ihu, ta kashe injin. Suka tayar. Ta sake kashewa, daidai ana shirin buga fenariti. Nan ajali ya same ta: Nu'uman ya ɗauko taɓarya ya maka mata. Kukanta na ƙarshe, wani siririn ƙiiit, shi na jiyo ta katanga, na fito ba takalmi. Na ɗauki Ikrima jikinsa ya saki. A asibiti ya kwana da robar iska a hanci. Alhamdulillahi, ya dawo mini.

Yanzu ana ta ce mini tsautsayi ne, in yi haƙuri, Nu'uman yaro ne. Yaro mai gemu! Na yarda da ƙaddara, amma taɓarya ba ta tashi da kanta.

Ta rasu ta bar batir ɗaya, da babi na huɗu na aikina da bai kammala ba, da janareton da ko kunya ba ya ji.

Ba za a yi mata salla ba, tunda ba rai gare ta ba. Za a sa ta a kwalin takalmi, a ajiye a kan talabijin, inda masu kallon ƙwallo ba za su iya kauce mata ba. Ana karɓar gaisuwa bayan azahar. Mai zuwa ba ni haƙuri ya yi zamansa a gida.

Kai kuma mai karanta wannan: janareto a waje yake kwana, ko ana ruwan ƙanƙara. Ina haɗa ƙanwar marigayiya, kuma duk wanda ya ɗaga mata hannu, ni zai tarar a gabanta.