Rasuwar Hoton Ƙofar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau ya ƙi wucewa, ni kafinta mai shagon bakin kwana, a madadin iyalina da abokan aikina biyu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar hoton da ke saman shafin shagonmu na intanet. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar mako bakwai a hannun mijin ƙanwata, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da wata makaranta ta shaida ba.

Marigayin hoton mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, yana tsaye kusa da ƙofar ƙarshe da ya sassaƙa, fensir a bayan kunne, garin katako a gemu, yana murmushi. Wanda ya san Baba ya san murmushinsa ba a samun sa a arha. Ni na ɗauke shi da wayata, kwana uku kafin mai ƙofar ya zo da mota ya tafi da abarsa. Shekara huɗu ya yi a aljihuna. Bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa neman hutu ba, kuma duk wanda na nuna wa shi sai ya daina neman ragi.

Ciwo ya kama shi ranar da Injiniya ya dage sai ya buɗe mana shafi, wai zamani ya wuce mu. A kwamfutarsa hoton na fitowa tar. A wayata ma haka. Amma rabin mutanen da muka tura wa shafin ba su ga komai ba sai wani ɗan akwati fari mai yagaggen gefe. Wani mai otal da ke neman ƙofa goma sha biyu ya bugo ya ce shi bai ga ƙofa ba, bai ga tsoho ba, ya kuma kai aikinsa gaba. Da na kai ƙara, Injiniya ya juyo da kwamfutarsa yana taunar tsinken sakace.

"Yaya, a wajena fa yana buɗewa."

Daga nan aka shiga magani. Ya ɗora laifin a kan sabis. Ya ɗora a kan wayoyin mutane. Ya ce a gaya wa masu ciniki su sauya burauza, wato manhajar da suke buɗe shafuka da ita, kamar wanda ya zo sayen ƙofa ya zo neman darasi ne. Sai ya koma kan majinyacin kansa: yau ya rage masa girma, gobe ya matse shi, jibi ya sauya masa iri, kuma kowane karo a kan na jiya yake ajiye na yau. A mako na shida ya gano cewa cutar daga wayata take, ya ce sai an wanke ta tas, wato a goge duk abin da ke cikinta. Na tambaye shi ko hoton na asali yana wajensa. Ya bubbuga jakarsa ya ce in kwantar da hankalina. Na ba shi wayar, ya wanke ta, ashe na asalin ba ya wajensa. Wannan wautar tawa ce, ba na raba ta da kowa.

Ranar Talata wata malamar makaranta ta zo a auna mata kantar littattafai, ta tarar da mu a kan maganar. Ta nemi a ba ta kwamfutar. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce sunan da aka ajiye hoton da shi ne matsalar: an rubuta ƙofar Baba ta ƙarshe, da ƙa mai lanƙwasa da tazara tsakanin kalmomi, wasu burauzoji kuwa a nan suke tuntuɓe. Ta goge, ta rubuta da baƙaƙe marasa ƙugiya a haɗe. Nan take hoton ya buɗe a kowace waya da ke shagon.

A lokacin ne muka ga abin da jinya ta bari. Ƙofar ta koma kamar katifar da aka jingina da bango. Inda fuskar Baba take, sai dabbare-dabbare launin ƙasa, ba ido, ba gemu, balle murmushi. Injiniya ya ƙanƙance ido ya leƙa.

"Amma ai ka ga ya buɗe."

Marigayin ya bar hotunan kujeru uku, da na wani gado da ƙafar abokin aikina ta fito a ciki, da lambar wayar shago wadda Injiniya ya cinye mata lamba ɗaya. Ya kuma bar mahaifiyarmu, wadda ta shekara huɗu tana cewa in wanko mata shi ta rataya a ɗaki, ni kuma ina cewa gobe. Jiya na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, ta ce in rufo mata ƙofa.

Za a sauke gawar daga shafin ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a kan bencin aikin Baba, kuma malamar ce za ta danna maɓallin. Muna roƙon wanda ya sayi ƙofar nan, in wannan sanarwa ta iso gare shi, ya ba mu izini mu zo mu gan ta. Ana karɓar gaisuwa a shago har yamma. Ƙanwata tana iya zuwa. Kujera ɗaya aka ajiye wa gidansu.