Geron Dokta Hatimi

Dokta Alkasim ba ya cin abu sai ya tambayi mai shi. Ko goro aka miƙa masa, sai ya juya shi ya ce, "Wa ya ƙirƙiro wannan?" Allah ya yi wa garinmu Danciyawo baiwa da ya ba shi irin wannan ɗa. Ya yi shekaru a Turai yana leƙen ƙwayoyin tsiro da madubi, sannan ya gano cewa tsiro ba ya ciyar da mutum kamar takardar mallakarsa. Sai ya koma aboka, wato lauya. Hatimin da ke aljihunsa ya jawo masa suna Dokta Hatimi.

Da ya dawo gida, ya tarar da geron gwaggonsa Hinda, mai nuna da wuri ko damina ta gajarta. Gwaggo kan ba kowa iri idan ruwan shuka ya sauka, don a nan ba a hana iri.

"Gwaggo, kin yi ta rabar da dukiya!" in ji shi. "Daga yau wannan gero ƙirƙirata ce. Kafin takarda ta fito, ƙwaya ɗaya ba za ta bar gidan nan ba. Wanda na kama da shi, mu haɗu gaban alƙali."

"To, ɗan nan, mu kuma me za mu shuka?"

"Ilimi ba ya gaggawa, Gwaggo."

Ya liƙe rumbu da laka, ya danna hatimi. Damina biyu gonar tana hutawa, Gwaggo tana cin na kasuwa. Mai haƙuri, an ce, yakan dafa dutse, ba a dai faɗi ranar shan romon ba.

Bana ya buɗe rumbun don ɗibar samfur. Ashe gara da ɓeraye ba su yi karatun lakkwal ba, ba su iya karanta hatimi. Ƙaiƙayi suka bar masa.

Jiya ruwan shuka ya sauka. Gwaggo ta miƙa masa ƙwarya.

"Je wurin Wada maƙwabci. Na ba shi tun kana can Turai, yana da sauransa."

Dokta ya san doka: in ya karɓa, ya shaida gero ba nasa ba ne shi kaɗai. In bai karɓa ba, damina ba ta jiran aboka.

Ɗazu da na wuce, yana tsaye ƙofar Wada, ƙwarya a hannu, hatimi a aljihu. Bai dai yi sallama ba tukuna.