Tabarau Lamba Uku

Ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta yi dace da shugaba. Shekara talatin ya yi a ofishin ƙididdiga yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ilimi yana shigarsa ta hammata. Haɗa-ka-Raba ake kiransa, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Ana saura mako guda a sake zaɓen shugaba, wani mai shagon tabarau ya yi alkawarin ba mu na karatu kyauta, mu goma sha biyu. Lambar idon kowa kawai ya nema. Takwas lamba biyu suke sawa, har da shugaban. Huɗu kuma lamba biyar.

Shugaba ya gyara zama. «Jahili ne ke bin mutane ɗaya-ɗaya. Masani haɗawa yake ya raba. Talatin da shida a raba wa sha biyu, uku ke nan. Matsakaicin idon ƙungiya lamba uku ne.»

Tsohon masinja, wanda ke neman kujerar, ya ce, «Ranka ya daɗe, wa ke sa ukun a cikinmu? Ko biyun da ta fi yawa ai da ta yi wa takwas.»

«Kai wasiƙa ka sani, ba lissafi ba.»

Muka yi dariya, don kada a ce ba mu gane ba.

Tabarau suka iso ranar zaɓe, duka lamba uku. Kowa ya maƙala nasa, duniya ta koma kamar an shafe ta da man shafawa. Shugaba ya tambayi yadda muke gani. Muka ce tun ƙuruciya rabonmu da gani haka. Shi ma ya dubi takardar ƙuri'a, sunaye biyu suna iyo, ya dangwala inda zuciyarsa ta ba shi. Mu ma, cikin biyayya, muka dangwala masa.

Mai shago, da yake shi kaɗai ke gani sosai, ya ƙirga. Masinja sha ɗaya, shugaba ɗaya. Ɗayar ma masinjan ne ya jefa, shi ma bisa kuskure.

Haɗa-ka-Raba bai girgiza ba. Ya miƙe, ya ɗaga yatsa. «Ƙuri'a sha biyu, 'yan takara biyu. A ilmance, shida-shida muka yi.»

Har mun fara gyaɗa kai.

Sabon shugaba ya taɓa kafaɗarsa a hankali. «Yaya, juyo nan. Labule kake yi wa jawabi.»