Rasuwar Tsohuwa, Na'urar Hoton Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abin kuma da ya fi baƙin cikin nauyi, mai hoton ciki na wannan asibiti yake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar na'urarsa ta sikanin, wadda kowa ya sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a ɗakinta na ƙarshen baranda, bayan shekara goma sha bakwai tana leƙa cikin mutane ba ta taɓa kai gulmar kowa waje ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ga tsakuwa a maɗaciya, ta ga ƙodar da fitsari ya taru ya kumbura ta, ta ga hantar da kitse ya lulluɓe, da saifar da ta fi ƙarfin gurbinta. Iskar hanji kaɗai ke tare mata ido, shi ya sa ba ta karɓar wanda ya ci ya ƙoshi, sai mai yunwar awa takwas. In an kunna ta takan ce "ɗiiit" sau ɗaya, fankarta ta ɗauki gurnani, in ta gama ta tofo takarda, "zirrr". Iyakar maganarta ke nan.

Game da jinyarta, maigidanta ya ga dole ya faɗi gaskiya. Al'adarsa ce kowace safiya, kafin ya karya, kafin a kira mara lafiya na farko, ya rufe ƙofa, ya ɗage riga, ya shafa man nan mai sanyi a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya gwada idonta a kan hantarsa. Wata biyar da suka wuce ta fara nuna masa wani baƙin tabo zagayayye, kamar maɓallin riga. Ya ce tsufa ne. Ya rubuta a littafin gyara cewa kan na'urar, wanda ake gogawa a ciki, ya fara lalacewa. Babbar nas ta karanta, ta tambaye shi me ya sa tabon ba ya fitowa a cikin marasa lafiya. Ya ce ita da allura aka san ta, ta bar masa aikinsa.

Tabon ya tashi daga maɓalli ya kai murfin kwalba. Sai ya daina gwajin safe, ya daina goge mata gilashi, ya shiga kiranta maƙaryaciya a gaban mutane. Tsoro ne ya sa shi, ba komai ba. Ranar da ta mutu ma, abin kunya, sai da ya ji wani sanyi a ransa.

Mai gyara ya zo ya buɗe ta, ya ce wuta ce ta ƙone mata ciki, ba ta tasuwa. Sannan ya jona kan nata da ake gogawa a ciki a na'urar gwajinsa, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Wannan kam lafiyarsa ƙalau, yallaɓai. Duk abin da ta nuna muku, to akwai shi."

Tun daga ranar, in maigidanta ya tura ƙofar ɗakin yakan ji "ɗiiit", alhali da hannunsa ya zare wayar daga bango. Ya dubi gilashin, baƙi ƙirin, ba kowa a ciki sai shi, dafe da haƙarƙarinsa, bai san lokacin da ya kai hannun ba.

Ta rasu ta bar gadon gwaji mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da rabin robar mai, da babbar nas wadda har yau ba ta ce "ai na faɗa" ba, da maigidan da ya yi mata ƙazafi, yake kuma neman ta yafe masa.

Za a fitar da gawar ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe, a kai ta ɗakin ajiya na baya. Da tara za a kunna sabuwar da ta gaje ta. Likita ce za ta riƙe kan na'urar, mai hoton ciki kuma shi ne na farko a layi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo masa abinci, domin da yunwa zai kwanta a gadon. Yana kuma roƙon matarsa, wadda a wannan takarda za ta fara jin labarin, ta zo ta riƙe masa riga.